A Bar Ɗalibi Ya Rubuta Maƙalar Neman Gurbin Jami'a Da Hannunsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin ɗalibai da iyaye da malamai game da maƙalar bincike da jami'o'i da dama suke buƙata daga mai neman gurbin karatu. Na daɗe ina duba irin waɗannan rubuce-rubuce, kuma abin da yake damuna shi ne yadda aka mayar da su wani shinge da ake neman dabarar tsallakewa, alhali an ƙirƙiro su ne domin jami'a ta ga yadda ɗalibi yake tunani idan aka bar shi da tambaya da littattafai. Duk taimakon da zai raba ɗalibi da wannan tunani cutarwa ce gare shi, ko da kuwa an yi shi da kyakkyawar niyya.

Ya kamata a fara bambance irin rubutun da ake nema, domin ɗalibai da yawa suna cakuɗa su. A Amurka, fom ɗin haɗaka na Common App, wanda makarantu fiye da 1,000 suke karɓa, yana neman rubutu na kalmomi 250 zuwa 650 a kan rayuwar ɗalibi da halayensa. A Birtaniya, hukumar UCAS mai karɓar takardun neman gurbin jami'o'i ta ƙayyade bayanin kai ga haruffa 4,000, kuma ga masu shiga jami'a daga shekarar 2026 ta raba shi zuwa tambayoyi uku. Waɗannan biyu ba maƙalar bincike ba ne, ko da yake ɗalibi mai basira yakan nuna abin da ya karanta a cikinsu. Maƙalar bincike ita ce irin rubutun da Jami'ar Oxford take nema a wasu fannoni kamar tarihi da adabin Ingilishi, wato aikin makaranta wanda malami ya riga ya duba kuma bai wuce kalmomi 2,000 ba, ko doguwar maƙala ta kalmomi 4,000 da ɗaliban tsarin difloma na ƙasa da ƙasa mai suna IB suke rubutawa kafin su kammala sakandare, ko kuma daftarin bincike da ake nema daga mai son yin digiri na biyu ko na digirgir. Wajibi ne ɗalibi ya karanta umarnin jami'ar da yake nema kalma bayan kalma, domin wanda ya aika da labarin rayuwarsa inda aka nemi bincike ya riga ya nuna cewa ba ya karanta umarni.

Dalilin da ya sa jami'o'i suke ɗora wa kansu wahalar karanta dubban maƙaloli a bayyane yake. Masu neman gurbi a fannonin da ake rububi sukan zo da sakamakon jarrabawa kusan iri ɗaya, kuma maki yana nuna cewa ɗalibi ya amsa tambayar da wani ya tsara masa ne kawai. Karatun jami'a kuwa, musamman daga shekarun ƙarshe zuwa sama, yana buƙatar mutumin da zai iya tsara tambayar da kansa, ya nemo hujja, ya auna ta, sannan ya faɗi iyakar abin da ta tabbatar ba tare da ƙari ba. Wannan baiwa ce malamin da yake karanta maƙala yake laluben alamarta.

Babban kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya ɗauki maudu'i a matsayin tambaya. Sauyin yanayi maudu'i ne, haka nan talauci, da dimokuraɗiyya, da tasirin kafofin sada zumunta ga matasa. Wanda ya zauna zai rubuta kalmomi 2,000 a kan sauyin yanayi ba shi da abin yi sai ya tattaro abin da kowa ya sani, ya fara da ma'anar kalma, ya jero dalilai da illoli, ya rufe da kira ga gwamnatoci su tashi tsaye, kuma malamin da zai karanta ya riga ya karanta irinta sau ba adadi. Tambaya kuwa tana da iyaka ta wuri da lokaci, ana iya amsa ta da hujjar da ɗalibi zai iya kai hannu gare ta, kuma amsarta tana iya fitowa saɓanin abin da ya zata. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci a wurina, domin idan ɗalibi ya san amsar tun kafin ya buɗe littafi, to wa'azi zai rubuta ya yi masa ado da manazarta.

Bari in kawo misali daga tarihin likitanci, domin yana koyar da wannan darasi fiye da kowane dogon bayani. A ƙarshen watan Agusta na shekarar 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, inda mutum fiye da 500 suka mutu cikin kwana goma. Yawancin likitocin zamanin sun yi imani cewa gurɓatacciyar iska ce take yaɗa cutar. Wani likita mai suna John Snow, wanda ya riga ya zargi ruwan sha, bai tsaya muhawara a kan asalin cututtuka baki ɗaya ba, sai ya taƙaita tambayarsa zuwa abin da za a iya bincikawa gida-gida: waɗanda suka mutu a wannan unguwa, daga ina suke ɗebo ruwan da suke sha? Ya karɓi jerin mamatan daga ofishin rajista, ya bi gidajensu yana tambayar iyalai, ya gano cewa mafi yawansu suna shan ruwan famfon titin Broad, kuma daga baya ya zana taswirar da ta nuna yadda mace-macen suka taru a kewayen famfon.

Abin da ya ba hujjarsa ƙarfi shi ne yadda ya bi diddigin abubuwan da suke kamar sun saɓa wa ra'ayinsa. Akwai gidan gajiyayyu a kusa da famfon mai mazauna 535, amma biyar kaɗai suka mutu, da ya bincika sai ya tarar gidan yana da rijiyarsa. Akwai kuma wata mata da ta mutu a Hampstead, nesa da unguwar, da ya tambaya sai aka shaida masa cewa ta saba sa a kai mata ruwan wannan famfo saboda tana jin daɗinsa. Hukumar unguwar ta cire hannun famfon a ranar 8 ga Satumba, kuma a nan ne labarin da aka fi yaɗawa yake tsayawa, a ce an cire hannu cuta ta ƙare. Amma Snow da kansa ya rubuta cewa annobar ta riga ta fara lafawa kafin wannan rana, domin mutane da yawa sun gudu daga unguwar, saboda haka ba za a iya cewa cire hannun ne ya tsayar da ita ba. Ya faɗi abin da yake rage wa labarinsa armashi saboda shi ne gaskiya. Wani limamin coci na unguwar, Henry Whitehead, wanda ya shiga binciken da shakku a kan ra'ayin Snow, shi ne daga baya ya gano wata jaririya da ta kamu da cutar, wadda aka zubar da ruwan wankin ƙyallayenta a wani rami dab da rijiyar famfon, ya kuma yarda cewa Snow ne yake da gaskiya.

Na daɗe a kan wannan labari ne saboda duk abin da ake nema a maƙalar ɗalibi yana cikinsa. Ba a sa ran yaro ɗan shekara 17 ko 18 ya gano sabon abu a kimiyya, amma ana sa ran ya matse tambayarsa har ta yi daidai da ƙarfinsa, ya nemi abin da zai iya rushe ra'ayinsa ya fuskance shi, kuma ya san inda hujjarsa ta tsaya. Ɗalibin da ya tambayi ko cire hannun famfon ne ya kawo ƙarshen annobar 1854, ya karanta bayanin Snow da na masana tarihi na baya, ya kammala da cewa hujjar ba ta kai a yanke hukunci haka ba, ya rubuta maƙalar da ta fi ta wanda ya yi shafi goma a kan muhimmancin tsaftataccen ruwa ga bil'adama. Ɗalibai da yawa suna ɓoye hujjar da ta saɓa musu don tsoron kada maƙalarsu ta yi rauni, ba su san cewa malamin da yake karantawa ya san wannan hujja ba, kuma rashin ganinta ne zai sa ya yi zargin ko dai ɗalibin bai yi karatu ba ko kuma ba shi da amana.

Batun madogara ya yi sauƙi a yau fiye da kowane zamani. Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, yana nuna maƙalolin masana da waɗanda suka ambace su, rumbun DOAJ yana tattara dubban mujallun ilimi da ake karantawa kyauta, shi kuma JSTOR yana ba wanda ya yi rajista damar karanta wani adadi na maƙaloli ba tare da biya ba. Wikipedia wuri ne mai kyau na fara lalube, matuƙar ɗalibi zai gangara ƙasan shafi ya bi manazartan da aka jero ya karanta su da idonsa. Ƙa'idar da nake so kowane ɗalibi ya riƙe ita ce kada ya ambaci littafin da bai buɗe ba. Wanda ya san yadda malaman hadisi suke bin isnadi, suna tambayar wa ya ji daga wa har a kai ga tushe, ba zai ga wannan ƙa'ida baƙuwa ba, domin manufar ambaton madogara ita ce mai karatu ya iya bin sawun magana ya tabbatar da ita da kansa. Ko wane tsarin ambaton madogara aka nema, APA ko MLA ko Chicago, wannan ƙaramin al'amari ne da ake koyo cikin yini guda, abin lura kawai shi ne a riƙe tsari ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Madogara biyar da aka karanta aka fahimta sun fi talatin da aka jero don burgewa.

Satar rubutu takan faru sau da yawa ba da gangan ba, ta hanyar sakaci wajen ɗaukar bayanai. Ɗalibi yakan kwafo sakin layi ya ajiye a kwamfuta ba tare da alamar zance ko sunan marubuci ba, bayan makonni ya dawo ya ɗauka maganarsa ce. Maganin wannan shi ne tun ranar farko ya rubuta sunan littafi da lambar shafi kusa da duk abin da ya ɗauko, ya kuma raba kalmomin marubuci da nasa sharhin. Sauya kalma biyu ko uku a jimlar wani ba ya mayar da ita taka, kuma ra'ayin da aka aro yana buƙatar a ambaci mai shi ko da an sake masa kalmomi gaba ɗaya. Wanda yake ganin wannan tsanani ne ya tuna da Karl-Theodor zu Guttenberg, ministan tsaron Jamus, wanda ya yi murabus a watan Maris na 2011 bayan Jami'ar Bayreuth ta janye digirinsa na digirgir saboda kwafe, da kuma Annette Schavan, ministar ilimi ta ƙasar, wadda ta sauka a 2013 bayan Jami'ar Düsseldorf ta janye nata digirin a kan kundin da ta rubuta tun 1980. Shekara fiye da 30 ba ta binne abin ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne sayen maƙala, kuma a nan maganata ta fi karkata ga iyaye, domin sau da yawa su ne suke biya. Kamfanonin da suke rubuta wa ɗalibai aiki sun yawaita har wasu ƙasashe suka yi musu doka: Ostireliya ta haramta sana'ar a 2020 tare da hukuncin da zai iya kai wa ɗaurin shekara biyu, Ingila kuma ta mayar da yin ta ko tallata ta laifi a 2022. Amma ko babu doka, ina roƙon uba ya yi tunanin abin da yake saya wa ɗansa. Yana saya masa kujera a ajin da za a riƙa neman irin wannan rubutu daga gare shi kowane zango, ba tare da ya taɓa gwada yin sa ba, kuma yana koya masa tun a bakin ƙofa cewa sunansa yana iya hawa kan aikin da bai yi ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma inda ake ganawa da masu neman gurbi baki da baki, tambaya biyu a kan dalilin zaɓen wata madogara sun isa su tona asiri. Akwai kuma wani nau'in da ba a biyan kuɗi, inda yaya ko kawu mai ilimi zai karɓi rubutun da sunan gyara, ya sake gina shi jimla bayan jimla har yaron ya kasa gane abinsa. Niyyar ta bambanta, amma sakamakon ɗaya ne ga yaron.

Tun da aka fito da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai iya yi wa mutum rubutu, a watan Nuwamba na 2022, jarabar ta shigo cikin wayar kowane ɗalibi. Ba na cikin masu cewa a ƙaurace wa waɗannan manhajoji baki ɗaya, domin suna iya taimaka wa mutum ya fahimci kalma mai wuya ko ya gano kuskuren nahawu, idan dokar jami'ar da ake nema ta yarda da hakan, kuma dole ne a duba wannan doka domin jami'o'i sun sha bamban a kai. Haɗarinsu ga mai bincike shi ne sukan ƙirƙiro madogarar da babu ita, da sunan marubuci da shekara da lambar shafi, cikin salon da ba ya nuna alamar shakka. A watan Yuni na 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen shari'a na bogi da manhajar ta ƙago musu ba su bincika ba. Idan ƙwararrun lauyoyi sun faɗa wannan rami, ɗalibin sakandare ya fi kusa da shi. Illar ta riga ta fara shafar kowa, har da masu gaskiya, domin a 2024 Jami'ar Duke ta Amurka ta daina ba maƙalar masu neman gurbi maki na lamba, saboda ba ta da tabbacin cewa rubutun yana nuna iyawar ɗalibin da kansa.

A ɗaya ɓangaren kuma, ina jin tsoron zaluncin da manhajojin gano rubutun na'ura za su iya jawowa. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya janye tasa manhajar ganowa a watan Yuli na 2023 saboda yawan kuskurenta, kuma wani bincike da masana na Jami'ar Stanford suka wallafa a shekarar ta 2023 ya nuna cewa irin waɗannan manhajoji sun fi zargin rubutun waɗanda Ingilishi ba harshensu na gado ba ne. Saboda haka ina shawartar kowane ɗalibi ya adana daftarinsa na farko da na biyu da takardun da ya ɗauki bayanai a kansu, domin su ne shaidarsa ranar da aka tuhume shi da abin da bai yi ba.

Na san za a ce wannan tsari yana fifita 'ya'yan masu hali, waɗanda makarantunsu suke da ɗakin karatu da malaman da suke da lokacin zama da ɗalibi ɗaya, a kan yaron da bai taɓa ganin mujallar ilimi ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba na raina ta. Sai dai sayen maƙala ba ya gyara wannan rashin adalci, ƙara shi yake yi, tunda mai kuɗi ne zai sayi mafi tsada. Abin da yake rage tazarar shi ne a koyar da wannan fasaha a aji, ga kowa, tun kafin shekarar ƙarshe ta sakandare. Kuma malaman da suka ƙware wajen tantance masu neman gurbi sun san bambancin rubutun da aka goge shi ya yi santsi ba komai a ciki, da rubutun da yake da ɗan tuntuɓe a harshe amma tunanin mai shi yana motsi a kowane sakin layi.

Game da tsarin rubutun kansa ba sai na tsawaita ba. A faɗi tambaya da amsar da aka kai gare ta tun a sakin layi na farko, domin maƙalar bincike ba tatsuniya ba ce da ake ɓoye ƙarshenta. Kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya da hujjarta, a guji manyan kalmomin da marubucin ba zai iya fassara su ba idan aka tsare shi, kuma a mutunta adadin kalmomin da aka ƙayyade. A fara da wuri yadda za a iya ajiye daftarin na wasu kwanaki a dawo masa da sabon ido, sannan a karanta shi da murya, domin kunne yakan kama abin da ido ya tsallake. Mai rubuta daftarin digiri na biyu ko na digirgir yana da ƙarin nauyi, wato ya nuna abin da masana suka riga suka yi, da giɓin da ya rage, da hanyar da zai bi, da cewa aikin zai yiwu cikin shekarun da aka ba shi, kuma ya tabbatar akwai malami a sashen da yake aiki a wannan fanni kafin ya aika.

Ga mai son taimakon ɗalibi, ko uba ne ko uwa ko malami, hanyar da ta halatta ita ce ya karanta ya yi tambaya, alƙalamin kuma ya zauna a hannun yaron. Ya tambaye shi abin da yake nufi da wannan jimla, da inda ya samo wannan adadi, da abin da zai ce wa wanda ya ƙi yarda da shi, sannan ya bar shi ya koma ya gyara da kansa ko da gyaran bai kai yadda babba zai yi ba. Ina kira ga shugabannin makarantun sakandare su sa kowane ɗalibi ya rubuta aƙalla ƙaramar maƙalar bincike ɗaya a shekara, ya kuma tsaya gaban malami ya kare ta na 'yan mintoci, kamar yadda tsarin IB yake rufe doguwar maƙalarsa da ganawa tsakanin ɗalibi da mai duba shi. Ina kuma roƙon jami'o'in da suke neman wannan rubutu su wallafa ma'aunin da suke dubawa da shi, da misalan maƙalolin da suka karɓa, da matsayinsu a fili game da amfani da ƙirƙirarriyar basira, domin ɗalibin da ba shi da mai ba shi shawara ya san abin da ake jira daga gare shi kamar yadda ɗan gata ya sani.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani malami mai duba rubutun ɗalibai